Aska Lamba Sha Ɗaya

Shekara shida na yi a hawa na huɗu na wani dogon gini a Mount Hope, kuma in aka cire mai gyaran famfo da mai feshin kyankyaso, babu wanda ya taɓa shigo mini ɗaki. Da mijina muka zo ƙasar nan ta Amurka. Auren ya mutu ba tare da hayaniya ba, ya koma wata jiha da zama, ni kuma na tsaya inda aikina yake. Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ba wai babu mutanenmu a unguwar ba ne. Suna nan jingim, daga Tremont har bakin Grand Concourse, kana tafiya kana jin Hausa iri uku a kan titi ɗaya. Matsalata gaisuwa ce. Ina maigida, ina yara, yaya mutanen gida? Duk gaisuwarmu tambaya ce a kan mutanen da ba ni da su. In ka ce lafiya lau ka yi ƙarya, in ka tsaya bayani ka zama labari. Don haka ko masallaci na je, ana sallame salla nake zura takalmi in kama hanya. Na san ana cewa ina da girman kai. Ba zan rantse cewa babu ba. Amma abin da ya fi yawa kaɗaici ne, kuma yana damuna ƙwarai, musamman ranar Lahadi da la'asar, lokacin da ƙanshin girkin wasu yake biyo matakala.

A Zariya na karanta zanen gine-gine. A nan takarduna ba su ci kasuwa ba, sai na samu aiki a ofishin wata jami'a, ina ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli ina zuba su a kwamfuta. Hannu kuwa ba ya manta abin da ya koya. Bayan rasuwar mahaifinmu aka sayar da gidan da na tashi a ciki, yanzu shagunan masu tayil ne a wurin. Sai na fara gina shi da kaina a kan teburin cin abinci, da kwali mai kauri da gam da wani katako mai laushi da ake yanka shi kamar sabulu. Zaure, soro na biyu, turakar Baba, ɗakin Inna, rijiya, madafi, har da dakalin ƙofar gida. Shekara biyu ina yi, Asabar da Lahadi. Tunda gidan ya cinye teburin, a tsaye nake cin abinci a kicin.

Wuƙar da nake aiki da ita tun ta makaranta ce. Mariƙinta ƙarfe ne shafaffe, bakinta kuma cire shi ake yi in ya dakushe a sa wani. Yana da tsaga a tsakiya, zura shi ake yi har ya ce ƙas. A ɗakin zanenmu na jami'a aska muke kiran bakin nan, ban san wanda ya fara ba, haka muka tarar. Akwai lamba-lamba, ni ta sha ɗaya nake amfani da ita, siririya mai tsini. Sabuwar aska tana ratsa kwali ba ka ji ba. Wadda ta gaji kuwa taunar sa take yi, ta bar maka gefe duk gashi-gashi, in ka matsa mata ta goce ta nemi yatsa.

Wani tsoho ne yake sayar mini da su a wani ɗan shagon kayan zane kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata Asabar na je na tarar shagon ya zama wurin gyaran farce. Daga nan na shiga yawo. Manyan kantuna duk irin ta Amurka suke da ita, mai zagayayyen mariƙi, wadda ake murɗawa ta damƙe bakin. Tasu ba ta da irin tsagar da tawa take so. Duk inda na nuna wuƙata sai a jujjuya ta a ce in sayi sabuwa mana, ai ba tsada. Ni kuma na ƙi. Shekara ashirin da wani abu tana hannuna, har ta yi mini kanta a yatsa, ba zan canza ta don wasu sun ga dama su murɗa tasu ba. Na yi oda ta intanet, aka ajiye a ƙasan gininmu, kafin in dawo aiki wani ɗan albarka ya yi gaba da ita. Na sake yi, aka kawo mini wasu faffaɗa na babban mariƙi, kamar zan feɗe akuya. Ranar na zazzagi kwalin da suka zo a ciki, da Hausa, don babu wanda zan zaga.

Askata ta ƙarshe ta mutu ina tsakiyar yankan bakan zaure. Ta yage mini kwali uku a jere. Na ajiye aikin, sati biyu ina wuce teburin ina kallon zaure babu rufi.

Akwai wani shagon kayan abincinmu a Tremont, na wata Hajiya 'yar Kumasi. Can nake sayen gero da daddawa da manja, wani lokaci a kawo mini buhun shinkafa har ƙofar gini. Shagon nata babu abin da babu, daga tsintsiyar kwakwa har allurar ɗinki. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Tsakanina da ita gaisuwa ce da miƙa kaya. Wata Alhamis na biya bayan an tashi aiki, ina tsaye tana ɗaure mini kuka, sai na hango reza a rataye a bayanta. Wuƙar tana gida. Na ce bari dai in gwada.

"Hajiya, ko kina da aska? 'Yar ƙarama, mai kaifi sosai."

Ta saki ledar kukar. "Aska? Ei, barka! Barka da arziki."

"Barka kadai," in ji bakina.

Wallahi ban yi niyya ba. An ce maka barka, ka ce barka kadai, haka aka raine mu, amsar tana fita kafin tunani ya iso. Sai da na faɗa na gane abin da ta fahimta. A wurinta, mace mai shekaruna ba ta neman aska sai in an yi haihuwa a gidanta, za a yi wa jariri askin suna. Kafin in gyara ta riga ta haɗa labarin da kanta. Ƙanwata ce ta zo daga gida ta haihu a nan, kamar yadda wasu suke yi, ni nake kula da ita, shi ya sa ba a ganina ko'ina.

"Ashe hidima ne ya riƙe ka," ta ce. "Mu muna nan muna cewa ba ka son mutane kraa."

Ta zagayo daga bayan kanta ta kama hannuna da nata biyu, ta riƙe. Hannunta da ɗumi, yana ƙanshin citta. Na tsaya ina ƙoƙarin tuna ranar da wani ya taɓa ni da gangan, ba turereniyar jirgin ƙasa ba, na kasa. Nan ne ya kamata in yi dariya in ce a'a Hajiya, kwali zan yanka. Abin da na ce shi ne, "Uhm."

Ta ce ita ba ta sayar da aska, kuma ma ba aikin mata ba ne, akwai wani dattijo wanzami ɗan Nijar a Harlem, shi yake yi wa kowa. Ta kwatanta mini wurin a bayan wata takarda. Ta ɗebo kanwa da yajin jego ta cusa mini a leda, ta ce na mai jego ne, na yi na yi ta ƙi karɓar komai. Waya ta yi ƙara, masu saye suka shigo, ta ɗaga murya daga nesa ta ce za ta zo barka. Na fito da yajin jego a hannu, kunya kamar ta kashe ni. A cikin bas kuma na kama kaina ina murmushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Asabar na sa wuƙar a jaka na shiga jirgi zuwa Harlem, titi na ɗari da sha shida. Na gaya wa kaina cewa wanzami dai ya san ƙarfe, ko ba shi da ita zai san inda ake samu. Wurin nasa a bayan shagon wani tela yake, sai ka ratsa ta tsakanin kekunan ɗinki da shaddodi a rataye. Ɗan ɗaki ne mai kujera biyu da darduma. Dattijon siriri ne, fari tas a gemu, mutumin Damagaram. Ina yin sallama ya ce ai Hajiya ta kira shi tun shekaranjiya, wace rana ce sunan, namiji ne ko mace?

Gaya wa baƙo gaskiya ya fi sauƙi. Na ce Baba babu jariri, kuskure aka yi, ga abin da ya kawo ni. Na ciro wuƙar na miƙa masa. Bai yi dariya ba, kuma na gode masa da hakan. Ya sa tabarau ya duba tsagar, ya shafa bakin da babban yatsa, ya girgiza kai don tausayin yadda na wahalar da ita. Sai ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujera.

"Wanga ai bisturi ne, ɗiyata. Da shi nike ƙaho."

Ashe tun da ya zo ƙasar nan ya ajiye askarsa ta gado. In zai yi wa mutum ƙaho, irin bakin da likitoci suke tiyata da shi yake sa wa, kowane a naɗe cikin takardarsa, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Ya yage ɗaya, ya zura a mariƙina, ya ce ƙas. Lamba sha ɗaya ce cif. Wata biyu ina zagaye kantunan masu zane, abin yana wurin masu sayar da kayan asibiti. Ya kwatanta mini inda yake sayowa, ya kuma ba ni guda goma in fara da su.

Ya tambayi abin da nake yankawa, na nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, yana matso da wayar yana nesanta ta. Ya ce zankwayen sun yi, irin na gidan kakansa ne. Ya ce amma indararon soron ya cika gajarta, in aka yi ruwa bango zai ci. Na ce Baba, gidan a kan tebur yake, ruwa ba ya zuwa. Ya ce duk da haka. Na yi kusan awa a wurin, muna maganar azara da makuba, tela yana leƙowa yana mamakin abin da ya haɗa mu. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin kekunan ɗinki.

"Ki biya ki gaya ma Hajiya yau," ya ce. "Matar nan ba ta faɗin za ta zo ta ƙi zuwa."

Na ce to. Na sauka daga jirgi, na tsaya a mahaɗar da in na yi dama zan je shagon, in na yi hagu zan je gida. Na yi hagu. Na ce gobe da safe. Da safen kuma na tashi na share ɗakin, na goge tagogi, na wanke banɗaki, na kunna turaren wuta. Na sayo lemo da madara. Duk ina yi ina gaya wa kaina cewa tsafta ce kawai ta ranar Lahadi. Ƙarya nake yi. Mai shirin zuwa ya ba da haƙuri ba ya sayo lemon mutum uku. So nake su zo, ko da a kan ƙarya ne, sauran kuma in ji da shi in sun iso.

Bayan la'asar aka danna ƙararrawa. Hajiya ce da wata mata 'yar Kano da nake gani a masallaci, mai aikin kula da tsofaffi. Sun hawo hawa huɗu a ƙafa don lif ɗinmu ya lalace, Hajiya tana haki, rungume da wata ƙatuwar kula mai hawa uku. 'Yar Kanon tana riƙe da leda, ina hango sabulai da ƙananan riguna masu ruwan ɗorawa, launin da ake saya in ba a san mace ce ko namiji ba. Suka yi sallama ƙasa-ƙasa don kada su tashi jariri. Suka tuɓe takalma a hankali.

Ɗakina falo ne da ɗakin kwana ɗaya, ƙofar kuma a buɗe take. Ana ganin gadon daga inda suke tsaye, ƙaramin gado na mutum ɗaya, a gyare. Babu shanyar tsumma, babu ƙaurin jego, babu takalmin kowa sai nawa. Na ga idon Hajiya ya zagaya ya dawo, ya sake zagayawa, sannan ya sauka a kan teburin.

Na faɗa musu a tsaye, ban ko bari sun zauna ba. Na ce babu ƙanwa, babu jariri. Na ɗauko wuƙar na nuna musu bakin, na ce wannan ce askar, wancan gidan nake yankawa da ita. Na ce laifina ne, tun ranar ya kamata in gyara, ban gyara ba.

Hajiya ta dire kular a ƙasa. Ta ce ta rufe shago saboda ni, ranar Lahadi, ranar ciniki. Ta ce tun asuba take kan wuta. Ta ƙara da wasu kalmomi da Turanci da Tuwi, yarensu na Kumasi, waɗanda ban nemi fassararsu ba. Raina ya fara tashi, don ni ma ba a taɓa ni in yi shiru, har na buɗe baki zan ce ai ban aika a kira kowa ba. Sai na tuna lemon da ke cikin firij, na rufe bakina.

'Yar Kanon ce ta raba mu ba da niyya ba. Ta matsa kusa da teburin ta sunkuya. Ta ce wannan ai gidan cikin birni ne, ga rijiya, ga madafi, ga inda ake shanya. Ta sa ɗan yatsa ta ƙofar zauren ta leƙa ta ciki kamar mai neman wani. Ta tambaya ko ɗakin da ke kusa da rijiyar na tsohuwa ne, na ce na Inna ne. Ta ce haka nasu yake.

Hajiya ta zauna a kujera, har yanzu tana huci. Kujeru biyu gare ni, don haka na kawo lemo na tsaya jikin bango. Ta sha rabi. Ta sake duban ɗakin, wannan karon a hankali, har da kicin inda faranti ɗaya da kofi ɗaya suke kife.

"Kai kaɗai ne a nan?"

"Ni kaɗai."

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

"To don mi ba ka faɗi ba?"

"In ce me, Hajiya? Ba a haihu ba, ba a yi aure ba, ba a mutu ba. Me zan ce a zo a yi mini?"

Ta shanye sauran lemon. Ni ma ban san zan faɗi haka ba sai da na ji shi a kunnena. Mutanenmu ba su da rowar ƙafa, ko a ƙasar nan da kowa yake aiki biyu. In ka haihu za su zo, in ka yi rashi za su cika maka ɗaki har matakala. Amma wanda babu abin da ya same shi, yana nan dai yana zuwa aiki yana dawowa, ba mu da sunan zuwa wurinsa.

Ba su fi minti ashirin ba. Aka ɗan taɓa hirar sanyi da tsadar haya. 'Yar Kanon ta tura ledar kayan jariri bayan ƙafarta, tana jin nauyin in gan ta, da suka miƙe kuma ta ɗauke ta ta ɓoye a cikin mayafi. A bakin ƙofa tana sa takalmi ta ce, "To, Allah ya raya," sannan ta dafe baki. Muka yi dariya mu uku, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin.

Na ɗauko kular zan miƙa wa Hajiya, ta ture hannuna.

"Ka ci. Kada ka kawo mini kula shago, ni zan zo in ɗauka."

Farfesun kaza ne a sama, mai yaji irin na masu jego, sai wake da shinkafa, sai kunun kanwa a ƙasa. Kwana huɗu ina ci. A satin na yanka bakan zaure da sabuwar aska, ya fita sumul a yanka ɗaya, na kuma ƙara wa indararon tsawo.

Iya sanina Hajiya ba ta ba kowa labarin ba, ita ma ɗayar haka. In na je shago yanzu tana tsokanata, ta ce ga magini ya zo, yaushe za a tare. Ta daina tambayata mutanen gida, sai ta ce yaya aiki, yaya sanyi. Kusan kullum in zan fita sai ta ce kularta tana wurina, tana nan zuwa. Na yarda da gaske take faɗa. Shagon ne kwana bakwai a buɗe, ga jikoki, ga hawa huɗu.

Wata takwas ke nan. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, don haka na sayi dabino na zuba a ciki, ya bushe na canza, ya sake bushewa na sake canzawa. Daga gidana zuwa shagon minti goma ne a bas, kuma kular ba ta da nauyi in babu abinci. Sau biyu ina sa ta a leda in kai har bakin ƙofa, in dawo da ita. In na mayar, ba ta da sauran dalilin zuwa. Tana nan a kan firij, ina sauke ta ranar Lahadi da safe in goge.